Ranar da Ya Cire Tayar Gaba

Malamin lissafi ne a makarantar sakandare, amma a gida Injiniya matarsa take ce masa, kuma ba yabo ba ne. Fankar falo ce ta jawo masa sunan. Shekara uku da suka wuce ya kwance ta don ya ga abin da ke sa ta ƙara, har yau fukafukanta na bayan kabad. Bayan fanka ya taɓa rediyo, ya taɓa dutsen guga. Da ya sayi mota, matar ta ce ita roƙonta ɗaya ne, ya bar musu tayoyin huɗu a jiki.

Mota ce ta hannu, ruwan toka, mai ƙofa huɗu. Dillalin da ya sayar masa ya ce ta gidan wani dattijo ce da ciwo ya kwantar, wata shida tana ajiye a rufe da tamfol. Sati uku ke nan yana kai matarsa kantin maganin da take aiki, ya sauke 'yarsu mai shekara biyar a makarantarta, ya wuce tasa. Duk a cikin gari ne, kuma shi ba mai gudu ba ne. Matar tana cewa mai keke ma in ya yi niyya zai wuce su.

Abu ɗaya ne ya tsone masa ido. Wilin motar mai manyan ƙofofi ne, ana hango abin da ke bayansa, abin da ake hangowa kuwa tsatsa ce. Kalifa, wato dunƙulen ƙarfen nan da ke rungume da faifan birki yana matse shi in an taka, ta yi kalar gindin tsohuwar tukunya. Ya ga motar wani abokin aikinsa an yi wa nata jan fenti, tun ranar bai huta ba.

Ran Juma'a da yamma ya kai yarinyar gidan kakarta saboda warin fenti. Asabar da hantsi ya fito farfajiya da kayan aikinsa: jak, sifana, buroshin waya, samfefa, tsumma, tsofaffin jaridu, salatif, ƙaramin buroshi, da gwangwanin jan fenti mai jure zafi. Farfajiyar ƙarama ce, mota ɗaya take ci, get ɗin kuma na sandunan ƙarfe ne, duk wanda ke titi yana ganin na ciki.

Da baya ya fara. Ya sassauta notuna, ya ɗaga motar, ya tura kututturen katako a ƙarƙashi don kada ya dogara da jak kaɗai, ya cire tayar. Ya yi ta gurzar ƙarfen da buroshin waya har tsatsa ta yi masa hoda a gwiwa, ya bi da samfefa, ya goge da tsumma. Ya naɗe faifan da jarida, ya manne robobin da salatif. Da ya ja buroshin farko, jan ya kwanta sumul, ya ja baya da kujerarsa yana murmushi shi kaɗai.

Matarsa ta fito da kofin shayi ta ajiye masa a kan taya.

"Injiniya, wa zai durƙusa a titi ya leƙa ƙafar motarka?"

"Masu ido za su gani."

"To Allah ya kawo masu idon." Ta juya za ta koma, sai ta tsaya. Ta rage murya. "Ga matar nan kuma."

"Wace mata?"

"Kada ka juya da sauri. Tsallaken titi, jikin turken lantarki."

Ya yi kamar yana neman tsumma, ya duba ta ƙarƙashin hannunsa. Mace ce da za ta yi shekara hamsin, doguwa, siririya, da baƙar lema a buɗe ko da yake rana ba ta yi zafi ba. Kayanta masu tsabta, jaka a kafaɗa. Ba ta kallon hanya irin na mai jiran abin hawa. Gidansu take kallo.

"Kin san ta?"

"Ban san ta ba. Amma ran Talata na gan ta a nan muna fita, ran Alhamis ma. Na ɗauka gidan makwabta take zuwa."

"Wataƙila wani take jira."

"Wataƙila," in ji matarsa, ta shiga ciki. Ya ji ta murza makullin ƙofar falo, abin da ba ta yi da rana.

Ya gama ta baya ta biyu, ya yi wa kowace shafi biyu, ya mayar da tayoyin a hankali don kada ya goga. Duk lokacin da ya ɗaga kai, matar tana nan. Ba ta sauya ƙafa ba, ba ta duba waya ba. Mai sayar da ruwa ya tura kurarsa ta gabanta, ba ta matsa ba, shi ne ya kauce.

Da ya dawo da jak gaba, gefen direba, sai ya ga ta naɗe lemar. Ya sassauta notunan, ya zare tayar ya jingina ta da bango. Da ya waiwaya, ta tsallako. Tana tsaye jikin get, hannunta ɗaya riƙe da sandar ƙarfe.

Ta yi sallama, ya amsa. Ya jira ta faɗi abin da ke tafe da ita. Idonta ba ya kansa, yana cikin ramin da tayar ta bari.

"Hajiya, wani kike nema?"

"Ci gaba da aikinka, ƙanena. Kallo kawai nake."

Muryarta a kwance take, irin ta mai tambayar kwatance. Bai san yadda ake korar babbar mace mai ladabi daga bakin titi ba, don haka ya zauna ya ɗauki buroshin waya.

Akwai wani baƙin tiyon roba, kaurin ɗan yatsa, da ke kawo man birki zuwa kalifa. A baya ya naɗe irinsa da salatif ba tare da wata wahala ba. Wannan kuwa salatif ya ƙi kama shi, domin wani wuri a jikinsa an dame shi da giris da ƙasa, ya daskare kamar ƙullutu. Ya sa tsumma ya murje. Ƙullutun ya ɓare ya faɗi. A ƙarƙashinsa akwai tsaga.

Ya kawo fuskarsa kusa. Tsagar a miƙe take, gefenta sumul, ta zagaye rabin tiyon. Da ya ɗan lanƙwasa shi sai ta buɗe baki, ya ga farin zaren da ke ciki a yayyanke, ƙarƙashinsa kuma wata siririyar roba ta kumburo kamar ƙurji. Ya taɓa wurin da yatsa. Yatsan ya fito da danshi.

"Akwai?" in ji matar.

Ya ɗago a hankali. "Akwai me?"

"Yanka."

Ya daɗe yana kallonta. Ta jure kallon.

"Don Allah ka duba ɗayan gefen," ta ce.

Bai tambaye ta dalili ba. Ya mayar da tayar da noti biyu, ya sauke, ya zagaya da jak. Gefen fasinja ma haka ya tarar, ƙullutun giris a wuri ɗaya, tsaga a ƙarƙashi, wannan ma ta fi zurfi. Ya zauna a ƙasa, ya tuna jiya da safe da wani mai babur ya gifta masa a mahaɗar kasuwa ya ɗan taka birki, yarinyar a baya tana rera waƙar makaranta.

Ya kira matarsa. Ta fito, ta dubi baƙuwar, ta dube shi. Ya nuna mata tiyon, ya yi mata bayani cikin kalmomi kaɗan: an yanka, an rufe da giris, ranar da aka taka birki da ƙarfi zai fashe, man ya zube, motar ba za ta tsaya ba.

Matar gidan ta buɗe get da kanta.

"Anti, shigo ki zauna. Daga nan ba inda za ki sai kin gaya mana ko ke wace ce."

Aka kawo mata kujerar roba. Ta zauna a bakin kujerar, ta ɗora lemar a cinya. Ta ce motar tata ce. Maigidanta ne ya saya mata shekara huɗu da suka wuce, da ya yi ritaya daga aikin awon filaye. Shekararsu ashirin da shida da aure, 'ya'yansu biyu duk sun girma suna wani gari.

"Bai taɓa ɗaga min hannu ba," ta ce. "Ko murya ba ya ɗagawa. Ku tambayi kowa a layinmu."

Wata bakwai da suka wuce, sun shirya za su je duba yayarta da aka yi wa aikin ido. Garin yayar yana bayan tsauni, hanyar akwai wata doguwar gangara mai kwana-kwana, da rami a gefe. Da safen ranar ta fito shanya tawul, ta tarar da shi kwance a ƙasa jikin tayar gaba, sanye da rigar barci. Mutumin da ko ruwan lagireto bai taɓa dubawa ba. Ya ce iskar taya yake dubawa.

"Da hannu ake duba iska daga ciki?" in ji Injiniya.

"Ni ma abin da na tambayi kaina ke nan, amma daga baya. A lokacin dariya na yi masa."

Da suka gama karyawa sai ya ce kansa na ciwo, ta tafi ita kaɗai, ta gaishe masa da yaya. Ta ce a ɗaga tafiyar, ya ce a'a, ana jiranta. Ya ɗauki jakarta da kansa ya kai mota, abin da bai taɓa yi ba. Ya buɗe mata ƙofa. Ta tuna ta bar tabarau a ɗaki, ta koma. Da ta fito, yana kwance a bakin ƙofa, bakinsa ya karkace, idonsa a buɗe. Jikinta ya hana ta tuƙi, makwabci ne ya kai su asibiti a motarsa. Likita ya ce shanyewar jiki ce. Tun ranar ba ya motsa komai sai ido da yatsu biyu na hannun hagu, ba ya magana.

"A asibiti suka ba ni kayansa a leda. Da na zo wankewa, na sami ƙaramar wuƙata ta kicin a aljihun rigar. Bakinta baƙi ƙirin da giris."

Wata mota ta wuce a titi tana kiɗa.

"Ba ki kira bakanike ba?" in ji shi.

"Na ɗauki waya ya fi sau goma. In bakanike ya duba ya ce lafiya ƙalau, na zargi bawan Allah yana kwance ba ya iya kare kansa. In ya ce an yanka, da wane hannu zan ci gaba da ba shi abinci? Ni nake juya shi, ni nake wanke shi. Sai na rufe ta da tamfol na daina bin ta gefen."

"Sai kuma kika sayar," in ji matar gidan.

"Ƙaninsa ne ya ce tana lalacewa a ajiye, ya kawo dillali. Ina tsaye aka ja ta. Na buɗe baki in yi magana, sai na ga in na faɗa, na faɗa ke nan a gaban ƙaninsa. Na ce a raina ai duk wanda ya sayi mota sai ya kai an duba masa."

Injiniya ya sunkuyar da kai. Ya kai an sauya baƙin mai, an duba inji. Ba wanda ya cire taya.

Ta ce bayan an tafi da motar ta kasa cin abinci. Ta je wurin dillalin ta ce ta manta takarda a ciki, ya yi mata kwatancen gidan. Yau zuwanta na biyar.

Matar gidan ta miƙe tsaye. Ba ta ɗaga murya ba, amma mijinta ya san wannan tsayuwar.

"Sau biyar. Ran Talata kina nan tsaye na fito da 'yata, na sa ta a kujerar baya, na ɗaura mata ɗamarar kujera. Kina kallo."

"Ina kallo."

"Taku goma ne daga turken nan zuwa get ɗina."

"Na ƙirga su, ƙanwata. Goma sha biyu ne. Kullum sai in ce yau zan tako, sai ƙafar ta ƙi. In kun tafi sai in tsaya har ku sha kwana, in koma gida ina sauraron labarai." Ta dubi hannuwanta. "Ba ni da abin da zan ce miki. Duk abin da kika faɗa min, na ci."

Matar gidan ta shige ciki. Suka ji ta buɗe famfon kicin, ruwa na ta zuba, ba ƙarar kwano.

Injiniya ya kira bakaniken da ke gyara motocin malaman makarantarsu. Tsoho ne mai ƙaramin jiki, ba ya son yawan magana. Ya iso a babur bayan azahar, ya tsuguna, ya sa babban yatsa ya buɗe tsagar, ya zagaya ya duba ɗayar.

"Ko ɓera ne?" in ji Injiniya, don dai ya ji daga bakin wani.

"Ɓera ba ya yanka a miƙe, Malam. Kuma ba ya shafa giris in ya gama." Ya goge hannu a wandonsa. "Wanda ya yi wannan bai iya aiki ba, amma ya san abin da yake so. Ya bar kaɗan don kada ya zube a gida. Wa kuka yi faɗa da shi?"

"Haka na saye ta."

Tsohon ya dubi matar da ke zaune da lema, ya dubi Injiniya, bai ƙara tambaya ba. Ya tafi ya dawo da sababbin tiyo huɗu, ya ce tunda abin ya zama haka har na baya zai sauya. Ya ga gwangwanin fenti a buɗe ya ce a rufe shi, man birki cin fenti yake, na gaba sai wani satin. Ya sa Injiniya a kujerar direba yana taka birki yana saki, shi kuma yana fitar da iska daga ƙasa. Taka. Riƙe. Saki. Ta cikin gilashi Injiniya yana ganin matar, ba ta taɓa ruwan da aka ajiye mata ba. Leɓenta na motsi tare da umarnin tsohon.

Da bakaniken ya tafi, tsofaffin tiyon biyu na gaba suna yashe a kan jarida. Ta nuna su da lema.

"Ka ba ni waɗannan."

"Me za ki yi da su?"

"Nawa ne ai." Ta sunkuya ta naɗe su a jaridar. "Kuma ina roƙon abu ɗaya. Ka kai ni gida a cikinta. Da la'asar ina zaunar da shi jikin taga, yau makwabciyata ce za ta zaunar da shi. Ina so ya gan ta ta shigo."

Ya buɗe baki zai ce a'a, sai ga matarsa a bakin ƙofa, ta riga ta yafa mayafi, idonta ja.

"Mu je," ta ce. "Ina son in ga fuskarsa."

Tafiyar minti ashirin ce. Baƙuwar ce ke yi masa kwatance. Tana zaune a baya, tiyon naɗe cikin jarida a cinyarta. Birkin ya yi tauri yadda bai taɓa ji ba, duk da haka kowace mahaɗa tun daga nesa yake fara takawa.

Gida ne mai kyau a layi mai shiru, da bishiyar lemo a tsakar gida. A gefe akwai wani wuri a siminti da ya fi sauran haske, daidai girman mota, tamfol a ninke a kusa. Ta ce ya tsaya a nan. Ya tsaya, ya kashe inji.

Taga tana daidai gabansu, labule a ɗage. Wani dattijo na zaune a kujera mai taya, an tokare shi da matasai, an sa masa farar riga mai guga, gemunsa a gyare. Kyakkyawan mutum ne, irin wanda za ka ba wa wuri a layi. Fuskarsa ba ta motsa ba. Idonsa ne ya sauka kan motar, ya bi ta daga fitila zuwa ƙofa, ya gangara ya tsaya a tayar gaba. Bai ƙara barin wurin ba.

Makwabciyar ta fito tana gyara ɗankwali, ta ce yau ya yi barci sosai, ta gaishe su ta wuce. Suka bi mai lemar zuwa ciki. Ɗakin na ƙamshin sabulu da man zafi. Gado mai ƙarfe a gefe, kwalaben magani jere bisa tsayi, takarda manne a bango an rubuta lokutan juya shi da rubutu mai kyau.

"Maigida, na dawo," ta ce. "Na zo da baƙi. Wannan malamin shi ya sayi motata. Wannan matarsa ce. Suna da yarinya 'yar shekara biyar."

Ta juyo da kujerar ya fuskance su. Ta warware jaridar, ta ɗauki tiyo ɗaya, ta lanƙwasa shi a gaban idonsa har tsagar ta buɗe. Ta riƙe shi haka. Sannan ta ɗora su biyun a kan cinyarsa, kan farar rigar, ta ɗauko hannunsa na hagu ta aza a kai.

Yatsun nan biyu suka fara motsi. Suka bi jikin robar a hankali, kamar makaho na laluben ƙofa, har suka iso tsagar. Suka tsaya. Sai babban yatsan ya danna gefenta, yana ƙoƙarin haɗe bakin, ya rufe ta. Tana buɗewa, yana sake dannawa. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, siriri, ba kuka ba, ba tari ba. Idonsa ya bar tiyon ya koma kan matarsa. Injiniya ya yi shekara goma sha biyar yana karanta fuskar ɗalibai, ya san ta mai laifi, ya san ta mai tsoro. Wannan bai san ta ba.

Matar ta duba agogon bango.

"Lokacin abincinsa ya yi," ta ce.

Ta fita ta dawo da kwano da cokali. Ta ɗaura masa tawul a wuya, ta ɗebo, ta hura, ta taɓa da leɓenta ta ji zafin, ta kai bakinsa. Bakin ya ƙi buɗewa. Ta jira, cokalin a tsaye a iska, hannunta ko rawa ba ya yi. Suka ji agogon na tafiya. Can sai ya buɗe, ta zuba, ta share masa gefen baki da tawul.

Matar Injiniya ta matsa kusa da ita.

"Anti, ba za ki kwana a gidan nan ke kaɗai ba. Ba ni lambar yayarki."

"Me kike tsoro, ƙanwata? Shi ba ya iya tashi."

"Ba shi nake tsoro ba."

Matar ta dube ta, a karon farko ta yi ɗan murmushi. Ta karanto lambar ba tare da ta ajiye cokalin ba.

A hanyar komawa suka biya gidan kaka suka ɗauki yarinyar, ko da yake sai Lahadi aka yi za a ɗauko ta. Ya ɗaga ta sama ya ce, "Mamana, kin yi kewata?" Ta ce yana warin fenti. Uwar ta zauna da ita a baya, ta riƙe ta har gida.

Sun yi maganar kai ƙara, suka ga ba su san wanda za a kama ba. Yayar mai lemar ta zo wurinta washegari da ɗanta, ta yi sati biyu. An tara dangin mijin aka nuna musu tiyon. Ƙaninsa ya juya shi a hannu ya ce roba in ta tsufa tsagewa take, wuƙa kuma kowa na iya mantawa da ita a aljihu. 'Ya'yan suka ce a bar maganar don Allah. Yayar ta yi juyin duniya ƙanwarta ta bi ta, ta ƙi.

Matar Injiniya ba ta yafe mata ba, ta faɗa da bakinta, amma duk ran Asabar sai ta kira ta. Gaisuwa ce kawai, ya mai jiki, da sauƙi, sai an jima. A wata na huɗu, wata Asabar da rana suna cin abinci, sai mai lemar ce ta kira da kanta. Aka sa wayar a kan tebur, suna ji su biyu.

"Ya fara magana," ta ce.

Matar Injiniya ta ajiye cokali. "Me ya ce?"

"Kalma ɗaya ce tukuna. Sunana. Tun jiya yake kira, in na shigo ya kira, in na fita ya kira."

"Ke kuma me kika yi?"

"Na amsa mana."

"Anti, ki tafi wurin yayarki ko na wata ɗaya ne. Danginsa su karɓe ki."

"Likita ya ce tunda ɗaya ta fito, wasu na iya biyowa. Wata uku, wata shida, bai sani ba. Ya ce a riƙa yi masa tambayoyi masu sauƙi, waɗanda amsarsu i ce ko a'a." Suka ji wani abu a bayanta, murya mai kauri tana jan wasali ɗaya. "Ina da tambaya ɗaya mai sauƙi. Zan jira. Bari in je, yana kira."